Ɓarin Wannan Ido da Ɓarin Wancan: Lacca a kan Idanun Babbar Kyamara

 An nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi sana'ar hoto, ni kuwa sai na zaɓi wani lungu nata da ba a cika leƙawa ba, watau yadda ake raba idon babbar kyamara gida biyu, a ɗauki ɓarin wannan a haɗa da ɓarin wancan, a sami sabon ido ba tare da an kai kuɗi kasuwa ba. Na san ba a rasa mai cewa a ransa, ina ruwanmu da wannan, alhali kowa yana da waya a aljihu? To, mai wannan tunani ya juya wayarsa ya dubi bayanta. Zai ga idanu biyu ko uku a jere, ɗaya na ɗaukar fili mai faɗi, ɗaya na jawo abin da ke nesa. Matsalar da ta sa aka jera su haka ita ce mutanen da suka fuskanta fiye da shekara 130 da suka wuce, sai dai su sun warware ta da wata dabara dabam.

Bari mu fara sanin abin da muke magana a kansa. Babbar kyamara 'yar'uwa ce ga akwatin nan mai ƙafa uku da dattawanmu suka sani a bakin kasuwa da ƙofar gidan waya, wanda mai hoto ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka. Tana da allo a gaba mai riƙe ido, da allo a baya mai riƙe wani gilashi mai hazo inda surar abu ke bayyana a kife, kai ƙasa ƙafa sama. Tsakanin allunan biyu akwai zuga-zugi irin na maƙera, mai miƙewa da takurewa. Fim ɗinta falle-falle ne, mai inci 4 x 5, ko 5 x 7, ko 8 x 10, kowane falle hoto guda.

Shi kuwa idon, ko da yake muna kiransa ido ɗaya, gilasai ne da yawa, huɗu ko shida ko takwas, wani ma har goma, an kasa su kashi biyu. Kashi ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya, a tsakiyarsu kuma akwai ƙyauren da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido, tare da kafar haske wadda ake faɗaɗawa ko a tsuke. Kowane kashi yana cikin zobensa na ƙarfe, murɗa shi ake yi a jikin ƙyauren kamar murfin kwalba. Waɗannan kashi biyu su zan riƙa kira ɓari, kamar ɓarin goro: ɓarin gaba da ɓarin baya.

Saura kalma ɗaya, wadda ita ce ginshiƙin maganarmu. Idan ka fuskantar da ido ga abu mai nisa ƙwarai, kamar dutse a can ƙarshen gani, akwai tazarar da za ka bari tsakanin idon da fim kafin surar ta fito tangaran. Wannan tazara zan kira zangon ido. Ido mai gajeren zango yana kwaso fili mai faɗi, komai ya fito ƙanana. Mai dogon zango yana yanko ɗan yanki ya girmama shi. Lissafin kuwa a miƙe yake: in ka ninka zango sau biyu, tsawon abu a jikin fim ya ninku sau biyu, kana tsaye inda kake. Ga fim mai inci 4 x 5, zangon da ya yi daidai da ganin mutum shi ne wajen milimita 150. Ga mai inci 8 x 10, wajen 300. Mai hoton da ke bakin kogi, abin da yake so yana tsallake, ba shi da ikon matsawa, dole ya canja zango. Canja zango kuwa a da ma'anarsa sayen wani ido, da wani ƙyaure, da ƙarin kaya a bayan jaki ko a kan ɗan dako.

Asalin dabarar ya faro ne daga shekarar 1866. A wannan shekara John Henry Dallmeyer a Landan, da Adolph Steinheil a Munik ta ƙasar Jamus, kowannensu ya fito da ido mai ɓari biyu masu kama da juna, suna fuskantar juna, kafar haske a tsakiya. Na Dallmeyer sunansa Rapid Rectilinear, na Steinheil kuwa Aplanat, har aka yi ta jayayya a kan wa ya riga wani. Abin da suka gano shi ne, akwai aibobi uku na gilashi waɗanda in ɓarin gaba ya jawo su ta wannan gefe, ɓarin baya yakan mayar da su ta wancan, su kashe juna. Na farko lanƙwasar layi, yadda ginshiƙi miƙaƙƙe zai fito a gantsare a gefen hoto. Na biyu jelar haske, yadda ɗigon haske a kusurwa zai fito kamar tauraruwa mai wutsiya. Na uku gezar launi, ja-ja ko shuɗi-shuɗi a bakin abubuwa. Ku riƙe waɗannan uku, domin za mu sake haɗuwa da su.

Ba a daɗe ba masu hoto suka lura cewa in an kwance ɓarin gaba aka bar na baya shi kaɗai, har yanzu yana ba da hoto, kuma zangonsa ya kusa ninka na idon gaba ɗaya. Daga nan maƙeran gilashi irin su Darlot a Faris da Busch a Jamus suka shiga sayar da ɗan akwati mai shimfiɗar karan-miski, a ciki bututu ɗaya na tagulla da ɓari shida ko bakwai, ga takardar da ke nuna wanne za a haɗa da wanne. Sai dai hoton ɓari guda na wannan zamani tsakiyarsa ce kawai mai kyau, gefe duk dishi-dishi. Dalili kuwa, akwai waɗansu aibobin da haɗa ɓari biyu ba ya kashe su, tara su ma yake yi. Maganinsu sai a cikin kowane ɓari shi kaɗai, gilashin da ake da shi a lokacin kuma bai isa wannan aiki ba.

Gyara ya zo daga garin Jena. A 1886 Otto Schott da Ernst Abbe suka fara sayar da sababbin nau'o'in gilashi, a 1890 kuma Paul Rudolph na kamfanin Zeiss ya yi amfani da su ya ƙera idon da ke ba da hoto garau har kusurwa, wanda daga baya aka raɗa wa suna Protar. A 1892 Emil von Höegh ya kai wa kamfanin Goerz na Balin zanen wani ido mai gilasai uku manne a kowane ɓari, shi ne aka sani da Dagor tun daga 1904. A tsakiyar shekarun 1890 sai Rudolph ya fito da wanda ya fi dacewa da laccarmu, Protar jeri na bakwai. A nan kowane ɓari gilasai huɗu ne a manne, kuma tun a kan takarda an tsara shi ya zama cikakken ido mai gyara aibin kansa, da lambar kafa f/12.5. A jikin kowane ɓari an zana zangonsa, 29 ko 35 ko 41 ko 48 a ma'aunin santimita, da sauransu. Mai ɓari uku yana da zango shida, uku na ɗai-ɗai da uku na haɗi. Mai huɗu, a lissafi, yana da goma. Duk a ƙyaure ɗaya, duk a aljihun riga.

Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna muku: haɗin Protar ya yi kyau ne saboda mai zanen ya yi niyyar a haɗa, ya kuma biya farashin niyyar da gilasai takwas da ƙarancin haske.

Yanzu ga lissafi, kuma kada 'yan sashen harsuna da tarihi su tsorata, bai wuce na aji ɗaya na sakandare ba. In kana da ɓari biyu, ka ninka zangon wannan da na wancan, ka ajiye. Sa'an nan ka tara zangon biyu, ka ɗebe tazarar da ke tsakaninsu. Ka raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne sabon zango. Masu gilashin ido suna yin irin wannan lissafi kullum, suna danganta shi ga Allvar Gullstrand, likitan idon ƙasar Suwidin da ya sami kyautar Nobel a 1911. Alal misali, ɓari biyu masu milimita 350 kowanne: 350 sau 350 ya ba da 122,500, 350 da 350 kuwa 700. In da babu tazara, amsa 175 ke nan. Amma in ka haɗa Protar biyu masu wannan zango, abin da za ka samu wajen 200 ne. Ke nan tazarar da lissafi ke nema ta kusa milimita 90, alhali in ka sa ma'auni tsakanin gilasan biyu ba za ka sami ko kusa da haka ba.

Ina sauran ya shiga? Amsar tana da daɗi. Tazarar da ake nufi ana auna ta ne daga wani wuri da ba a gani, inda za a ce ƙarfin ɓarin duka ya tattaru. Shi ɓari irin wannan ƙoƙo ne, cikinsa yana fuskantar kafar haske, bayansa a waje, wurin nan da ƙarfinsa ya tattaru kuwa yakan gusa can wajen bayan ƙoƙon, wani lokaci ma ya fita daga gilashin ya tsaya a iska. Na gaba ya gusa gaba, na baya ya gusa baya, tazara ta ƙaru. Da ka san wannan, kana iya hasashen haɗin da ba ka taɓa gani ba. Ɗauki 350 da 290, ka ba su tazarar wajen 80: 101,500 a raba da 560, ya ba da 181, kuma haɗin nasu a zahiri nan wajen yake faɗawa. Al'adar masu sana'a ita ce, in ɓarin ba su yi daidai ba, mai dogon zango shi ake sawa gaba.

Wannan gusawar tana da wani sakamako da yakan ba baƙon sana'a mamaki. In ka bar ɓari guda a bayan ƙyaure, zuga-zugin da zai nema ya fi zangonsa tsawo. Ku ɗauki Symmar na kamfanin Schneider da ke Bad Kreuznach, wanda aka yi ta ƙerawa a shekarun 1950 da 1960, shi ne kuma ɗalibi zai fi saurin samu da arha. A bakinsa an rubuta zango biyu, na biyun da koren rubutu: 150 da 265, ko 180 da 315, ko 210 da 370, ko 300 da 500. Kwance ɓarin gaba, ka sami na biyun. Amma mai 370 ɗin nan sai an miƙa zuga-zugi fiye da milimita 400 kafin dutse mai nisa ya fito, ƙananan kyamarori da yawa kuwa ba su kai nan ba. Mutum ya sayi ido yana murna, ya je daji ya tarar zaninsa bai kai ba.

Farashi na biyu shi ne haske. Symmar cikakke f/5.6 ne, ɓarinsa na baya kuwa f/12, watau hasken da ke isa fim ya ragu fiye da sau huɗu. Mai lissafi a cikinku zai ce, ai daga 150 zuwa 265 bai kamata ya wuce f/10 ba. Gaskiya ne, in da kafar tana nan yadda take. Amma ɓarin gaba yana aikin gilashin ƙara girma, yana sa kafar ta zama kamar ta fi faɗinta, yana tattaro haske daga fili mai yawa ya cusa ciki. Da an cire shi, kafar ta koma ainihin girmanta. Saboda haka ne ƙyauren waɗannan idanu yake da jerin lambobi biyu, na uku-cikin-ɗaya kuma jeri uku. Wanda ya karanta jerin da ba shi ba, dodon hotonsa zai fito fayau, ba komai a cikin inuwa.

Farashi na uku shi ne aibobin nan uku da na ce ku riƙe. Da ɓari ya rasa abokinsa, sai su dawo. In yana bayan kafa, layukan gefe sukan kumbura waje kamar cikin ganga. In yana gaba, su lotsa ciki. Ga mai ɗaukar duwatsu da itatuwa wannan ba wani abu ba ne, amma mai ɗaukar gini zai gani. Gezar launi kuma takan sa gefen hoto ya yi laushi, shi ya sa masu fim baƙi da fari ke sa gilashi rawaya ko ruwan goro a gaba, ya tare shuɗin haske, a rage launukan da ke saɓani. Akwai kuma wani hali na ɓari guda da ya kamata kowa ya sani: in ka saita hoto da kafa a buɗe, sa'an nan ka tsuke ta, wurin da surar ke faɗawa yakan gusa kaɗan. Sai ka tsuke tukuna, zuwa f/22 ko f/32, ka koma ƙarƙashin ƙyalle ka sake saitawa a cikin duhun nan. Yawancin waɗanda ke zagin waɗannan idanu, a ganina, wannan matakin suka tsallake.

To, da duk waɗannan illoli, me ya sa manyan masu hoto suka riƙe su? Edward Weston, wanda shi ne mai hoto na farko da ya sami tallafin Guggenheim a 1937, ya zaga Kalifoniya da Turner-Reich, ido uku-cikin-ɗaya da ake yi a Rochester ta Amurka, mai inci 12 da 21 da 28. Sirrin shi ne, dodon hoto mai inci 8 x 10 ba ya bukatar a ƙara masa girma. Ɗora shi ake yi a kan takarda a haska, hoto ya fito daidai girmansa, aibin da bai kai ganin ido ba kuwa ya zauna a ɓoye. Ga shi kuma suna tsuke kafa ƙwarai, har ƙungiyar da su Weston suka kafa a San Faransisko a 1932 sunanta f/64. Wanda zai ɗauki ƙaramin fim ya buɗa shi ya cika bango, ba shi da wannan rangwame.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Ansel Adams. Ran 1 ga Nuwamba 1941, da la'asar sakaliya, yana tuƙi zuwa Santa Fe a jihar New Mexico, sai ya hangi wata ya fito a kan wani ƙauye mai suna Hernandez, rana kuma tana gab da faɗuwa, haskenta na ƙarshe yana dukan fararen alamomin maƙabarta. Ya tsaya, ya kafa kyamara mai inci 8 x 10. Idon da ke hannunsa Cooke ne jeri na goma sha biyar, na kamfanin Taylor, Taylor & Hobson da ke Lesta a Ingila, mai zango uku. Ƙauyen yana da nisa, saboda haka dole ya tsaya kwance ɓari yana sauyawa, haske yana gudu. Ma'aunin haskensa ya ɓace a cikin kaya, sai ya yi lissafi da ka daga abin da ya sani na hasken wata, ya sa gilashi rawaya, ya ɗauka a f/32 na daƙiƙa ɗaya. Kafin ya juya ya ɗauki na biyu, rana ta bar maƙabartar. Wannan falle guda ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi sani a duniya. Ku lura da abu biyu a nan. Ba don ɓarin nan ba, da ƙauyen ya fito ɗan mitsitsi. Sa'an nan kuma sauya ɓarin ya kusa ci masa hoton ɗungum.

Mu zo ga tambayar da na tabbata ita ta kawo waɗansunku: in na sami ɓarin wani ido a hannun mai gwangwan, da na wani a tsohon shagon hoto, in haɗa su? Amsa ta danganta ga dangi. In ɓarin biyu 'yan gida ɗaya ne, tsari ɗaya, kamar Protar da Protar, ka haɗa kanka tsaye. In Symmar ne na da, mai 180 da mai 210 duk ƙyaure ɗaya suke shiga, kuma gaban wannan da bayan wancan zai ba da hoto mai kyau gwargwado, sai dai zangon da za ka samu yana tsakanin 180 da 210, ribar ba ta taka kara ta karya ba. In kuwa gida dabam-dabam ne, Dagor a gaba Protar a baya, to hoto zai fito, lissafin zango ma zai yi daidai, amma lissafin nan ba ya faɗin komai game da kyan hoto. Aibin da wannan ya jawo, wancan ba a yi shi don ya mayar ba. Wani haɗin yakan dace, musamman da tsukakkiyar kafa, wani kuwa tsakiya ce kawai za ta yi.

Akwai kuma idanun da ba a raba su sam. Tessar, wanda shi ma Rudolph ne ya zana a 1902, gabansa da bayansa ba su yi kama ba, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, in ka raba su ka sami guragu biyu. Haka idanun zamani masu kwaso fili mai faɗi, irin su Super-Angulon. Schneider kansa, da ya fito da Symmar-S a 1972, ya daina rubuta zango na biyu, domin ya zaɓi ya kyautata idon cikakke maimakon ya raba ƙoƙarinsa biyu. Amma dabarar ba ta mutu ba, siffa ta sauya. Nikon ya yi jerin Nikkor-T inda ɓarin gaba da ƙyaure suke zama, a riƙa sauya na baya a sami milimita 360 ko 500 ko 720. Kamfanin Cooke kuma a farkon shekarun 2000 ya sake fito da irin idon Adams a sabon zane, mai 311 da 476 da 646.

Ko da dangi sun dace, saura ƙarfe. Ƙyauren Compur na Jamus da Copal na Japan sun bi ma'auni ɗaya, mai lamba 0 da mai lamba 1 da sauransu. Mai lamba 0 bakinsa milimita 29.5 ne gaba da baya. Mai lamba 1 kuwa 40 ne a gaba, 36 a baya, saboda haka ɓarin baya ba ya hawa gaba sai da zoben haɗi. Tsofaffin idanun tagulla na kafin wannan ma'auni kowane kamfani da nasa haƙori. Haƙoran nan sirara ne ƙwarai, rabin milimita ko kashi uku cikin huɗu nata, in ka ji ɓari ya cije ka dakata, kada ka sa ƙarfi. Ka duba kuma kada gilashin ciki ya taɓa fuka-fukan ƙyaure. Sau da yawa in ka kwance ɓari za ka tarar da wani siririn zobe kamar takarda a ƙarƙashinsa. Ba datti ba ne. A masana'anta aka sa shi don daidaita tazarar wannan ido shi kaɗai, in ya ɓace gefen hoto ya tafi da shi.

A nan ne nake so in ja kunnenku, domin abin ya wuce wasa. Nikon ya daina ƙera idanun babbar kyamara a 2006, Copal ma ya daina ƙera ƙyaurensu. Fim falle-falle har yanzu ana yi, sababbin kyamarori ma ana yi, amma idanu kusan duk na hannu ne, abin da ya rage a duniya shi ke zagayawa. Duk wanda ya haɗa ɓarin da ba nasu ba ya sayar bai faɗa ba, ya ɓata ido biyu, ya kuma cuci mai saye, wanda zai yi ta zargin hannunsa alhali laifin na kaya ne. In za ku saya, ku duba ko lambobin da ke jikin ƙyaure sun dace da abin da aka rubuta a bakin ido. In kun yi gwajinku, ku mayar da kowane ɓari gidansa da zobensa. Yanayinmu ma ba ya yi musu sauƙi. Gilasan tsofaffin idanu da ƙaron itace aka manne su, zafin bazara a cikin mota rufaffiya yana iya sa mannin ya saki, ka ga gefen gilashi ya yi rawaya ko ya yi kamar bakan gizo. Damina tana kawo fumfuna, hunturu ya kawo ƙura, kuma duk sa'ad da ka cire ɓarin gaba, fuka-fukan ƙyaure a tsirara suke. Ka juya wa iska baya, ka sa ɓarin da ka cire cikin tsumma mai tsabta.

Wanda ya ji duk wannan bai karaya ba, ga yadda zai auna haɗinsa da kayan da ke ɗakinsa. Don sanin zango, ya saita a kan abu mai nisa ƙwarai, ya yi alama inda allon gaba ya tsaya. Sa'an nan ya kafa rula a gaban kyamara, ya yi ta matsawa yana miƙa zuga-zugi har santimita ɗaya ta rula ta zama santimita ɗaya cif a kan gilashi mai hazo. Ƙarin miƙewar da zuga-zugi ya yi daga alamar farko, shi ne zangon, ba sai ya san inda ƙarfin gilashi ya tattaru ba. Don sanin lambar kafa, ya mayar da saiti kan nesa, ya sa kwali mai hudar allura a tsakiya a madadin gilashi mai hazo, ya haska tocila ta hudar a ɗaki mai duhu, ya ɗora farar takarda a bakin ido. Zai ga da'irar haske. Ya auna faɗinta, ya raba zango da shi: zango 180, da'ira milimita 8, ya kama f/22 ke nan. Ya yi haka a wurare uku ko huɗu, ya manna 'yar takarda a jikin ƙyaure ya rubuta sababbin lambobinsa.

Gwajin kyau kuwa ba ya bukatar fim mai tsada. Takardar wanke hoto ta ishe shi, a yanka ta daidai girman falle a sa a madadin fim, kamar yadda masu akwatin bakin kasuwa suke yi a da. Ya sami bangon bulo, ya manna shafukan jarida a tsakiya da kusurwoyi huɗu, ya daidaita kyamara sosai da bangon, ya ɗauka a f/16 da f/22 da f/32, yana sake saiti a kowanne. Sa'an nan ya mayar da ɓarin asali ya ɗauki bangon nan dai, ya jera su gefe da gefe, ya karanta rubutun kusurwa da gilashin ƙara girma. Layin bulo zai nuna masa lanƙwasa, rubutun jarida zai nuna masa dishi-dishi. Kowane falle ya rubuta a bayansa ɓarin da ke gaba, da wanda ke baya, da lambar kafa, domin bayan mako guda ba mai iya tunawa.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika. Mai tambaya yana iya yi.